Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Ɗana, labari ya iso ni cewa ka biya kafin alƙalami a wani jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, wanda zai ɗauke ku kai da iyalinka daga Basalona ya zaga da ku Bahar Rum mako guda. Na yi murna. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma namijin da ya faranta wa iyalinsa da halaliyarsa ba abin zargi ba ne. Amma an ce da aka yi maka zancen allura da gwaji sai ka kaɗa hannu ka ce korona ta wuce. Ta wani fanni gaskiyarka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin korona ranar 5 ga Mayun 2023, kuma tun ƙarshen 2022 yawancin manyan kamfanonin jiragen nan suka daina tambayar kati da gwaji. Sai dai ni da na ƙarar da ƙuruciyata a bayan teburin sayar da tikiti da haɗa wa alhazai takardu, na san dokar lafiya a bakin teku ba ta mutuwa, kwanciya kawai take yi. Saurara in gaya maka yadda take idan ta farka.

Fara sanin abin da za ka hau. Jirgin ruwan shaƙatawa kamar gidan gandu yake, inda kowa ke sha daga randa ɗaya: mutum dubu uku ko fiye, wurin cin abinci ɗaya, matakala ɗaya, iska ɗaya, kuma ba inda za ka fita in hankalinka ya tashi. A watan Fabrairun 2020 duniya ta ga haka a jirgin Diamond Princess. Wani dattijo ya sauka daga cikinsa a Hong Kong ranar 25 ga Janairu, bayan 'yan kwanaki aka gano yana ɗauke da cutar. Da jirgin ya isa Yokohama a Japan, hukuma ta tsare shi da mutum 3,711 a ciki, aka ce kowane fasinja ya zauna a ɗakinsa mako biyu. Wasu ɗakunan ko taga ba su da ita. Ma'aikata kuwa, da suke kwana biyu-biyu ko fiye a ɗaki ɗaya suna cin abinci tare, su suka ci gaba da kai tire ƙofa-ƙofa. Kafin a gama, mutum fiye da 700 sun kamu, fiye da goma sun rasu. A waɗannan makonnin, in ka cire China, babu wata ƙasa a duniya da take da masu cutar kamar wannan jirgi guda.

Ka riƙe wannan, domin daga nan duk tsaurin da ya biyo baya ya samo asali. Ruwa ba ya tsami banza. Ranar da ka ji wata ƙasa ta ce sai an gwada ka kafin ka taka tudu, kada ka ɗauka wulaƙanci ne aka shirya maka kai kaɗai. Sun ga gemun maƙwabcinsu ya kama da wuta. Ostireliya ta bar fasinjojin Ruby Princess kusan 2,700 suka sauka a Sydney ranar 19 ga Maris ɗin 2020 ba tare da jiran sakamakon gwajin marasa lafiyar da ke ciki ba, suka watsu cikin ƙasa, daga baya aka danganta ɗaruruwan masu cutar da wannan sauka ɗaya. Ƙasar kuma ta rufe tashoshinta ga jiragen shaƙatawa na waje har watan Afrilun 2022.

Akwai wani jirgin, Westerdam, wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai. Shi ba a tabbatar da mai cuta ko ɗaya a cikinsa ba lokacin da yake kan ruwa, amma Japan ta ƙi shi, Taiwan ta ƙi shi, Filifin da Guam da Tailan duk suka ƙi. Ya yi ta gararamba a teku har Kambodiya ta ji tausayi ta buɗe masa tashar Sihanoukville ranar 13 ga Fabrairu. Kowane fasinja a ciki yana da tikitinsa, ya biya kuɗinsa cif, an buga masa jerin garuruwan da za a tsaya. Ɗana, tikiti shaidar biyan kuɗi ne, izinin sauka kuwa yana hannun masu gari. Kuma in ka karanta ƙananan rubutun da ke bayan yarjejeniyar da ka sa wa hannu, za ka tarar kamfani ya riga ya keɓe wa kansa ikon canza hanya ko tsallake gari ba tare da ya tambaye ka ba. Kada ka ƙulla zuciyarka da gari ɗaya. In don ka ga Rum kawai za ka je, hau jirgin sama ka je Rum.

Kada ka zaci baƙon abu ne Turawa suka ƙirƙiro a 2020. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, suka ratsa Borno da Wadai da Darfur, wasu shekara da shekaru suna noma a hanya don neman guzuri, in sun isa Sawakin a gaɓar Bahar Maliya sai an tsare su a sansanin killacewa, a duba su, a yi musu allura, sannan su ga jirgin Jidda. Alhazan Indiya da Jawa kuma tsibirin Kamaran ake tsayar da su, kusa da Yaman. Abin da ya jawo haka shi ne kwalarar 1865, wadda ta ɓarke a wurin aikin hajji, jiragen ruwa suka kwashe ta zuwa Masar, daga can ta shiga Turai. Tun ina yaro na ji tsofaffin alhazai suna ba da labarin zaman Sawakin, ba wanda na ji ya kira shi da daɗi, ba kuma wanda na ji ya ce ya fasa hajji saboda shi. Kai kanka ka san har yau ba mai zuwa aikin hajji sai da allurar sanƙarau. Ka kuma san abin da Sayyidina Umar ya yi da ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka a can: ya tara sahabbai ya yi shawara, aka yi ta ja-in-ja a kan ƙaddara, daga ƙarshe ya juya da jama'arsa Madina. Wanda ya fi mu tawakkali ya fasa tafiya saboda annoba, to kai me zai sa ka ji kunyar ɗage taka?

Abin da ya fi wahalar da matafiya a shekarun korona shi ne yawan iyayen giji. Doka ta ƙasarka daban, ta ƙasar da za ka hau jirgi daban, ta kowane gari da za a tsaya daban, ta kamfanin jirgin ma daban. Dubi abin da ya faru a Amurka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta tsayar da jiragen shaƙatawa ranar 14 ga Maris ɗin 2020, kuma babban jirgi bai sake tashi da fasinjan da ya biya kuɗi daga tashar Amurka ba sai 26 ga Yunin 2021, lokacin da Celebrity Edge ya bar Fort Lauderdale. Hukumar ta ce jirgin da kashi 95 cikin ɗari na fasinjojinsa suka yi riga-kafi an sauƙaƙa masa sharuɗɗa. A daidai wannan lokacin gwamnan Florida, Ron DeSantis, ya sa hannu a dokar da ta hana ɗan kasuwa tambayar abokin cinikinsa shaidar allura, da tarar dala 5,000 a kan kowane mutum, alhali daga Florida mafi yawan jiragen ke tashi. Kamfanin Norwegian ya kai ƙara, wata alƙaliyar tarayya ta ba shi damar ci gaba da tambaya a watan Agusta. Ana cikin wannan sai ƙasar Bahamas ta ce daga Satumba ba jirgin da zai tsaya a tsibiranta sai duk fasinjan da ya kai shekara 12 ya yi allura. Magana ta ƙare a nan, domin jirgin da ba shi da wurin tsayawa ba shi da abin sayarwa.

Saboda haka in irin wannan zamani ya dawo, kada ka tsaya a dokar da ta fi maka daɗi. Nemi wadda ta fi tsauri a duk hanyarka, ita ce dokarka. Ni na gani da idona a bazarar 2022. Ingila ta soke duk wani sharaɗin korona na shiga ƙasarta tun 18 ga Maris, mutane na yawo a Landan fuska a buɗe, amma a tashar Southampton kamfanin jirginmu bai bar mutum ya taka matakala ba sai da kati da gwaji, saboda Sifaniya da za mu tsaya ba ta saki nata sharuɗɗan ba tukuna. Wanda ya dogara da labarin da ya ji a rediyo cewa Ingila ta buɗe, a bakin ƙofa ya san kuskurensa. Matambayi ba ya ɓata, amma ka tambayi mai abu, ka kuma nemi amsar a rubuce. Maganar abokinka da ya je bara ba hujja ba ce, don a wancan lokacin doka kan canza tsakanin Litinin da Alhamis.

Sai batun lissafin lokaci, wanda ya kayar da masu ilimi da yawa a gabana. Wani kamfani ya ce gwaji cikin kwana uku, wani ya ce cikin awa 72, kuma ba ɗaya ba ne. In jirgi zai tashi Asabar, mai dokar kwana uku zai karɓi gwajin da aka yi ko wane lokaci ranar Laraba. Mai dokar awa 72 kuwa, in da azahar za ka shiga jirgi, gwajin safiyar Laraba ya mutu tun kana layi. Kuma ƙidayar daga lokacin da aka zura maka auduga a hanci take farawa, ba daga lokacin da sakamako ya fito ba. Gwajin PCR kan ɗauki yini ɗaya ko biyu kafin ya dawo. Mutumin Kano da zai bi ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Istanbul ya ci wani yinin a hanya. Sau da yawa takardar da ta shigar da shi jirgin sama ba ta kai shi jirgin ruwa, dole ya nemi wani ɗakin gwaji a garin da bai san kowa ba, wataƙila ma ranar Lahadi. Allurar ma da nata lissafi: ba a ɗauke ka ka kammala ba sai kwana 14 bayan ta ƙarshe, kuma daga 1 ga Fabrairun 2022 Tarayyar Turai ta ce shaidar allura biyu ta daina aiki bayan kwana 270 in ba a ƙara ta uku ba. Na ga mutumin da katinsa ke da rai ranar da ya sayi tikiti, ya mutu kafin ranar tashi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka isa garin da jirgi zai tashi da kwana ɗaya ko biyu a hannu, ko da annoba ko babu. Kuɗin kwanan otal ciwo ne ƙarami. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa, kuma wanda ya taɓa tsayawa a bakin tasha da akwatuna yana kallon bayansa ba ya bukatar a sake yi masa wannan wa'azin.

Akwai wata matsala da ta fi damunmu mu 'yan Arewa, wato sunaye. Mutum ɗaya, fasfo ya ce Mohammed, katin allura ya ce Muhammadu, takardar gwaji ta ce Muh'd. A nan sunan mahaifi ne a gaba, a can sunan gari ne. Ma'aikaciyar asibitin da ta cika katin da biro ta rubuta abin da kunnenta ya ji, ranar haihuwa kuma aka ƙiyasta. A gida ba wanda zai kula, kowa ya san kowa. A bakin jirgi kuwa yarinya ce 'yar shekara ashirin da kwamfuta a gabanta, an ce mata harafi ya dace da harafi. Ba ta san Audu shi ne Abdullahi ba, kuma ba laifinta ba ne. Tun yau ka shimfiɗa fasfonka da na matarka da na yara da duk katin lafiyar da kuke da shi a kan tabarma ɗaya, ka bi su harafi-harafi. Wanda ya saɓa, ka je a gyara yanzu da ba wanda ke kora ka.

Wani abin kuma ba sakacin kowa ba ne, rashin adalci ne, ba zan ɓoye maka ba. Allurar farko da ta iso Nijeriya ranar 2 ga Maris ɗin 2021, kusan miliyan huɗu ta shirin COVAX, AstraZeneca ce da aka sarrafa a Indiya da sunan Covishield. Irinta ce ta fara sauka a Ghana mako guda kafin nan. Da Tarayyar Turai ta fito da takardar shaidarta a watan Yuli, sai ga shi hukumar magungunanta ba ta sa Covishield a jerin da ta amince da su ba, duk da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince, duk da kuma ƙasashen Turai na cikin waɗanda suka ba da kuɗin sayo mana ita. Kowace ƙasa ta ga dama ta karɓa, wadda ba ta ga dama ba ta ƙi. Tarayyar Afirka ta yi ƙorafi, sannu a hankali ƙasashe suka riƙa buɗewa. Ingila ma sai cikin Oktoban 2021 ta yarda da katin da aka bayar a Nijeriya. Mutumin da ya yi biyayya, ya bi layi a rana, ya miƙa damtsensa, sai aka ce masa allurarsa ba allura ba ce. Ya isa ya ɓata rai. Amma ka san inda za ka kai ɓacin ranka. Gwamnatoci ne suka warware wannan a tsakaninsu, ba fasinjan da ya buga teburi ba.

A ƙarshen 2021 yayarka da ke aikin jinya a Ingila ta shirya mana tafiya ni da Hajiya, daga Southampton zuwa tsibiran Kanari. Biza ta fito, allura ta cika, har Hajiya ta ɗinka sababbin kaya. Sai Afirka ta Kudu ta sanar da sabon nau'in cutar da aka sa wa suna Omicron, ƙasashe suka shiga rufe ƙofa. Ranar 6 ga Disamba Ingila ta sa Nijeriya a jerin ƙasashen da ta hana baƙinsu shiga. Ranar 15 ga wata ta soke jerin gaba ɗaya, don ta ga cutar ta riga ta cika mata gida. Jirginmu a tsakanin ranakun nan biyu ya tashi. A nan na ƙara fahimtar wani bambanci da nake so ka haddace: in kamfani ne ya soke tafiya, kana da hakkin a mayar maka da kuɗinka. In jirgi ya tashi kai ne ba ka iso ba, ko da gwamnati ce ta tare ka, sai abin da yarjejeniya ta ce ko abin da suka ga dama. Mu an ba mu takardar wata tafiyar a madadin kuɗi, muka karɓa da godiya, don ba mu da zaɓi.

In kana da zaɓi, ɗauki kuɗinka. A 2020 kamfanoni da yawa sun yi tayi mai daɗin ji: ko a mayar maka da abin da ka biya, ko a rubuta maka kashi 125 cikin ɗari ka yi wata tafiyar nan gaba. Mutane suka ruɗu da ƙarin. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kamfanin Pullmantur na Sifaniya ya durƙushe a Yunin 2020, Cruise & Maritime Voyages na Ingila ya bi shi a Yuli. A Janairun 2022 jirgin Crystal Symphony yana hanyar Miami da fasinjoji sai ya karkata zuwa Bimini a Bahamas, saboda wata kotun Amurka ta ba da umarnin kama shi kan bashin kuɗin mai, kuma cikin 'yan makonni kamfanin ya rufe. Masu riƙe da takardun alkawari suka koma layin masu bin bashi. Ka sayi tikitin da za a iya fasawa ko da ya fi tsada, araha ba ta ado. Ka sayi inshorar tafiya, ka sa a nuna maka layin da ya ambaci annoba da killacewa, domin inshora da yawa a wancan lokacin sun cire su. Ka kuma san cewa likitan jirgi ba kyauta yake duba mutum ba, da dala ko yuro ake biyansa.

Da muka samu tafiya a bazarar da ta biyo, a zauren tashar aka gwada kowa. Kujerun roba a jere, kowa da lamba a hannu, an zura mana auduga har Hajiya ta yi ƙwalla, aka ce mu jira kamar minti ashirin. Ban taɓa ganin ɗaruruwan masu zuwa hutu sun yi tsit haka ba. Hajiya na jan carbi, ni ina kallon allon da lambobi ke fitowa. A gabanmu akwai wasu Turawa iyali guda, kakanni, iyaye da yara, duk sun sa hula iri ɗaya. Aka kira lambarsu, amma maimakon a nuna musu hanyar jirgi sai aka ja su bayan wani labule. Ƙaramar yarinyarsu ce gwaji ya kama, ga ta tana tsalle-tsalle ko tari ba ta yi. Dokar ita ce in ɗaya ya kamu, duk wanda ya zo tare da shi ya koma. Uban ya ɗaga murya a kan ma'aikaciyar jinya har jijiyar wuyansa ta tashi, yarinyar ta gane a kanta ake faɗa, ta fashe da kuka. Kakan bai ce uffan ba. Ya ɗauke ta ya saɓa a kafaɗa, ya tambayi wani ma'aikaci inda za su karɓi akwatunansu.

Ɗana, ka zaɓi wanda za ka zama a cikin mazan nan biyu tun kafin ranar ta zo, domin in ta zo ba ka da lokacin zaɓe. Kuɗin sun riga sun tafi ko ka yi ihu ko ka yi shiru. Abin da ya rage a hannunka shi ne abin da 'yarka za ta tuna. Kuma mai haƙuri shi ake yi wa bayanin yadda zai nemi hakkinsa, shi ake miƙa wa takardar da inshora za ta nema. Mai zagi kowa so yake ya rabu da shi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, har a wurin wanda ya zo maka da mummunan labari.

Yanzu ga maganar da ta fi duk sauran nauyi a wurina. A shekarun nan mutane sun sha zuwa ofishina su rufe ƙofa su rage murya. Wani attajiri da nake girmamawa ya ce mini, Alhaji, ai ka san mutane, a samo mini kati kawai, ni ba zan yi allurar nan ba. Wani kuma takardar gwaji yake so a buga masa tun ba a taɓa hancinsa ba. Ban taɓa raina tsoronsu ba. Mu mutanen Kano muna da dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a garin nan, wasu suka mutu wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin jiha a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mun kuma ga abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan inna a 2003: cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, har ta kai ana ɗiga wa alhazanmu, tsofaffi da furfurarsu, maganin shan inna a filin jirgin Jidda.

Abin da na gaya wa attajirin nan shi zan gaya maka. Jikinka naka ne, in ka ƙi allura ba mai ɗaure ka. To ka haƙura da jirgin, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma ka riƙe katin ƙarya ka shiga cikin mutum dubu uku, cikinsu da tsofaffi masu ciwon suga da hawan jini waɗanda suka yarda suka hau saboda an tabbatar musu kowa ya yi, wannan cin amana ne, ko an kama ka ko ba a kama ka ba. Ramin ƙarya kuma ƙurarre ne, katunan suna da lambar da ake dubawa a kwamfuta. In aka kama ka, ba kai kaɗai ka jawo wa ba. Duk mai koren fasfo da zai zo bayanka sai an juya takardarsa sau uku, wake ɗaya ke ɓata gari. Haka nan takardar tambayoyin lafiya da ake ba kowa kafin shiga jirgi, wadda har yau wasu kamfanoni ke bayarwa: in ɗanka ya kwana yana gudawa ko zazzaɓi, rubuta gaskiya. Cutar amai da gudawa ta norovirus ta daɗe tana addabar jiragen nan tun kafin a san korona, kuma daga mutum ɗaya take farawa.

In ka shiga, ka bi dokar gidan da ka tarar. Lokacin da jirgin MSC Grandiosa ya fara komawa aiki daga Genoa a Agustan 2020, sharaɗin shi ne ba mai sauka gari sai cikin ayarin da kamfani ya shirya, kuma ba mai ware kansa. A Naples wasu iyali suka zame daga ayari suka yi nasu yawon. Da suka dawo aka hana su hawa, jirgi ya tafi ya bar su. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. In kuma likitan jirgi ya ce ka zauna a ɗaki kwana kaza, ka zauna. Saboda irin wannan ranar nake ba ka shawara, in aljihunka zai ɗauka, ka kama ɗaki mai taga ko baranda, ka kuma riƙe maganin da kuke sha kullum fiye da na kwanakin tafiyar.

Abu ɗaya da bai tafi tare da korona ba shi ne katin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Nijeriya da Nijar da Ghana duk suna cikin ƙasashen da ake lissafawa da zazzaɓin shawara, saboda haka akwai ƙasashen da za su tambaye ka shi don kawai daga nan ka fito, ko da fasinjan da ke kusa da kai ba a tambaye shi ba. Allurar sau ɗaya ce, tun 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce shaidarta ta har abada ce, amma ba ta fara aiki sai bayan kwana goma da yin ta. Duba na matarka da na yaran tun yanzu. Bizar Schengen ɗinku ma ka tabbata mai shiga da fita sau da yawa ce in jirgin zai taɓa wata ƙasa a wajen yankin, kamar Tunisiya ko Turkiyya, ya dawo.

Za ka tarar da masu gyara maka gado da kawo maka abinci, yawancinsu 'yan Filifin da Indonesiya da Indiya, da yawa daga cikinsu Musulmi ne, in sun ga hularka za su yi maka sallama. Lokacin da aka kwashe fasinjoji aka mayar da su gida a 2020, dubun-dubatar waɗannan ma'aikata sun yi watanni a kan ruwa, ƙasashe sun hana su sauka, wasu albashinsu ya tsaya. Da aka dawo aiki, su aka fara yi wa allura, su aka fi yawan gwadawa, su suka ci gaba da sa takunkumi bayan fasinja ya cire nasa. Wanda ya kula da ɗakinmu ɗan tsibirin Jawa ne, shi ya riƙa nuna mini alƙibla duk lokacin da jirgi ya juya. Kamfani zai cire kuɗin hidima daga asusunka kullum, kada ka je ka ce a soke shi kamar yadda wasu ke yi, kuma ranar sauka ka ƙara wa wanda ya yi maka ɗawainiya wani abu a hannunsa. Ka gaida mini da maiɗakinka da yaran, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.